Wutar da Ta Dawo da Kanta a Dapaong

Wannan babin ku na rubuta wa, ku 'ya'yana da 'ya'yan yayana Zakari, domin na san abin da aka gaya muku tun kuna ƙanana, kuma na san babu wanda ya taɓa samun ƙarfin halin tambayata ido da ido. An ce muku hannuna ne ya kashe Yaya Zakari. Wasu sun sassauta sun ce ganganci ne, wasu ba su sassauta ba. Ni mutum ne mai saurin fushi, duk kun sani, kuma fushin ne ya hana ni zama in yi bayani tun ina da haƙora. Yanzu da ƙafa ta ƙi, bakin ma ya rage gudu, sai ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe kafin kowa ya yanke abin da zai yanke.

Gidanmu a Didaure, cikin Sokode, gidan fawa ne tun kakanni. Babanmu ya rasu da wuƙa a ƙugunsa, Yaya Zakari ya gaje ta, ya gaji rumfar kasuwa da abokan ciniki da rigimar Fulani masu shanu. Shi ne ɗan fari, don haka Inna ba ta kama sunansa, sai dai ta ce "yayanku" ko "mai rumfa". Dogo ne mai nauyin baki, in ya yi magana sau uku a yini to ranar an sha hira. Ni kuwa jini bai karɓe ni ba. Tun ina yaro in aka kwantar da sa sai in kau da kai in ja da baya, Baba ya zare bulala, Yaya ya shiga tsakani, ya ɗauki aikina ya haɗa da nasa. Shi ne ma ya kai ni wajen wani mai gyaran wayar wuta ya ce a koya mini, tunda dai na fita zakka a gidan. Daga haɗa wa mutane ƙwan fitila a shago na samu shiga kamfanin wuta, na yi shekara takwas ina aiki a Sokode.

A wancan zamani wutar Sokode daga injuna take fitowa a bayan gari, kuma halinta ɗaya ne, kowa ya san shi. In hadari ya taso aradu ta taɓa waya, babban makunni sai ya faɗi, unguwa ta yi tsit, kuma haka za ta zauna har sai ɗan Adam ya je ya bi layi ya duba, ya komo ya ɗaga hannun ƙarfen makunnin da ƙarfinsa. Sau da yawa ɗan Adam ɗin ni ne. In sa rigar ruwa in hau moto, wato babur, ina mita, bayan awa ɗaya ko biyu fitilu su kama, Didaure gaba ɗaya ta ɗauki ihu, "Mumuni ya isa!" Har masu niƙa da masu sayar da ƙanƙara da su ake yi. Inna takan yi kamar ba ta ji ba, amma ranar tsokar da ke cikin miyata ta fi ta kowa girma. Abin ya shiga kaina. Kuran muke ce wa wutar lantarki a can. Na sha faɗa a tsakar gida muna cin tuwo, Yaya yana zaune yana saurare:

"In kuka ga kuran ya ɗauke a hadari, to ya mutu ke nan. Ko ɗamara za ka yi da wayar ba abin da zai same ka, sai na je na sa hannu."

Ko a lokacin maganar banza ce, babu ma'aikacin kirki da zai faɗe ta, domin abu na farko da aka koya mana shi ne waya a ƙasa mai rai ce har sai ka tabbatar. Amma ina son a yi dariya, ina son a kalle ni, kuma shekara takwas wuta ba ta taɓa ƙaryata ni ba.

Sai aka yi mini ƙarin girma aka tura ni Dapaong, can arewa kusa da iyakar Burkina, in zama shef, wato in shugabanci ƙaramin wurin aikinmu na can. Ba a daɗe ba da ja wa garin sabon layi mai tsawo daga ƙetaren iyaka, ya ratso daji da gonakin dawa. Na tarar da wani dattijo ɗan ƙabilar Moba a wurin, sunansa Lare, gajere mai yawan tauna goro, Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "ya" yake ce musu. Hadarin farko da ya same ni a can da rana tsaka ne. Aka yi walƙiya, fankar ofis ta tsaya, na zabura na ɗauko rigar ruwa kamar yadda na saba. Ban gama zura hannu ɗaya ba fanka ta ci gaba da juyawa. Na tsaya da riga a rataye a kafaɗa ina kallonta, na ce wa ya taɓa makunni ba da izinina ba. Lare ya yi ta dariya har goro ya sarƙe shi.

"Shef, zauna. Nan wuta ya san hanya, ya tafi ya dawo da kansa. Ba Sokode ba ne."

Shi ya kai ni gaban akwatin ƙarfen da makunnin yake ciki ya yi mini bayani, daga baya na karanta a takarda na ga bai rage komai ba. Zan faɗa muku da sauƙi, domin duk maganata a kan wannan take tsaye. Wayar da ke sama a kan wasu kwalabe take zaune, kwalaben ne ke hana wuta gangarowa ta turke zuwa ƙasa. In aradu ta faɗa wa layi, ƙarfinta yakan tsallake kwalbar ya ƙona wa kansa hanya a cikin iska. Aradun kanta ƙiftawar ido ce ta wuce, amma wutarmu ta gida sai ta ga an buɗe mata hanya ta bi, kuma ba za ta daina bi ba muddin ana turo ta. Maganin kawai a yanke ta na ɗan lokaci, hanyar ta huce ta rufe. Ba abin da ya karye, ba abin da ya ƙone, saboda haka babu dalilin barin gari ba wuta awa biyu ana jiran wani Mumuni. Shi ya sa aka ƙera makunnin da ke buɗewa ya rufe da kansa. Karo na farko nan take yake rufewa, abin da kuke gani ke nan in fitila ta ƙifta a hadari. In ya tarar har yanzu akwai matsala sai ya sake buɗewa, ya jira gwargwadon mutum ya karanta Fatiha da Kulhuwa a natse, ya sake gwadawa sau ɗaya, ko da reshe ne ya taɓa waya ya faɗi. In wannan ma bai yi ba, sannan ya kulle kansa ya jira hannun mutum. Ƙarfe ne, ba ya gani. Bai san bambancin reshen da iska ta kaɗa da wayar da ta tsinke ta faɗo kan hanya ba. Abin ya burge ni ƙwarai, na ce in na je gida zan ba su mamaki, sai dai ban samu zuwa ba ƙasa ta rikice.

Kun ji labarin shekarun nan, ba sai na maimaita ba: masu neman a buɗe siyasa kowa ya yi jam'iyyarsa, soja a kan titi, tayoyi suna ci da wuta a mararraba, sannan dogon yajin aikin da aka ce kowa ya zauna gida har sai gwamnati ta sauko. Sokode ta rungumi yajin hannu bibbiyu. A Didaure wanda ya sa takalmi ya nufi ofis sai an bi shi da ido har ya ɓace. Ni a Dapaong ban daina aiki ba. In aka tambaye ni nakan ce asibiti na buƙatar wuta, famfon gari ma haka, kuma gaskiya ne. Amma tunda na ce zan faɗi komai, akwai tsoron kora, akwai kuma daɗin kalmar "shef" da ban gaji da jinta ba. Matata Memuna, uwar wasunku, ta gaya mini tun da wuri:

"Malam, mu baƙi ne a nan, gida kuwa can yake. In an gama rikicin nan gwamnati ba ita za ta zauna mana suna da biki ba."

Na ce mata ta kula da tukunyarta. Labari ya kai gida cewa ɗan gidan fawa yana can yana haska wa gwamnati. Mutane suka fara wuce rumfar Yaya su sayi nama a gaba, matan unguwa suka rage shigowa gaishe da Inna, wata Juma'a kuma aka jefi ƙofar gidanmu da dutse.

Farkon damina Yaya ya zo Dapaong sayen shanu, domin shingayen hanya sun hana dabbobi isa Sokode yadda aka saba. Tare yake da abokin sana'arsa Fuseni, wanda suke haɗa kamiyo ɗaya, wato motar dakon shanu. Da hantsi suka same ni a ƙofar wurin aiki. Na yi murna, na kama hannunsa na ce ya shigo in nuna masa wani abin mamaki, akwatin nan nake nufi. Ya janye hannunsa.

"Ba zan taka wurin da jama'a suka ƙaurace wa ba. Inna ce ta aiko ni. Ta ce ka ajiye wa mutane makullansu ka biyo ni gida."

"Yaya, asibiti fa? Matan da ke haihuwa fa?"

"Wancan tsohon ba zai iya ba? Kai kaɗai ne mai hannu? Mumuni, an jefi ƙofar uwarka."

Ban taɓa jin ya jera magana haka ba, kuma da ina da hankali da wannan kaɗai ya isa in yi shiru. Sai na ga Lare da mai gadi suna kallo, ana yi wa shef faɗa a gaban ma'aikatansa, kaina ya ɗauki zafi. Na ce masa shi da bai san komai ba sai wuyan sa, ya bar maganar da ta fi ƙarfinsa. Ga mutumin da ya yi shekaru yana tare mini bulala na faɗi haka. Sannan na ƙara da wadda ta bi ni har yau:

"Ka gaya wa duk wanda ya aiko ka, ko wa zai mutu, wutar garin nan ba za ta kwana a kashe ba muddin ina nan."

Ya dube ni, ya daɗe yana kallona, ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ya juya. Fuseni ya tsaya ya ƙara mini kallo ɗaya kafin ya bi shi. Na bar yayana ya tafi ko ruwa bai sha ba, akwatin kuma bai gani ba.

Bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, da iska mai ɗaga kwanon rufi. Ina zaune a ofis ina cin gyaɗa, har lokacin ina huci, Lare yana bakin taga. Aka yi wata tsawa da ta girgiza gilashi. Fanka ta tsaya, ta motsa, ta sake tsayawa. Muka tsaya jira, mun san akwatin zai sake gwadawa. Ya rufe da ƙara, nan take ya buɗe, ya kulle. Lare ya ce waya ya tsinke a wani wuri. Hannuna na dama yana cikin takardar gyaɗa, na hagu yana kan tebur, tsakanina da akwatin akwai taki goma da ƙofa a rufe. Abin da hannuna yake yi ke nan a lokacin, Allah shaida ne, Lare ma bai taɓa canza maganarsa ba har ya bar duniya.

Muka hau moto muka bi layi cikin yayyafi muna neman inda ya tsinke. Wajen kasuwar dabbobi, kusa da wani injin niƙa, muka hango taro, mutane sun kewaye wuri nesa-nesa ba mai matsawa. Na sauka ina daka musu tsawa su ba da hanya. Na fara ganin wayar a ƙasa, sai baƙin sa a kwance, sai wuƙa mai ƙotar ƙaho a cikin laka. Wuƙar babanmu ce, da ita na ga ana yanka tun ban san kaina ba. Na tsaya ina kallonta ina tambayar kaina me ya kawo ta Dapaong, wallahi abin da ya zo mini ke nan. Sai da Lare ya riƙe ni ta baya sannan idona ya yarda ya matsa gaba kaɗan. Yaya yana kwance rub da ciki a jikin san, hannunsa na hagu a dunƙule a kan wayar. Ban yi kuka ba, ko salati ban iya ba, sai kawai na zauna a cikin ruwa.

Matar da ke da injin niƙan ce ta ba ni labari washegari, bayan mun binne shi a maƙabartar Zongo, domin a gabanta aka yi. Sun sayi shanu huɗu suna kora su zuwa kamiyo, sai aradu ta faɗa kan turke, waya ta tsinke ta sauko a wuyan na gaba. San ya faɗi yana shure-shure. Injinta ya tsaya, ƙwan da ke rumfarta ya mutu. Ku da ba ku tashi a gidan fawa ba sai na gaya muku, mahauci ba ya tsayawa yana kallon dabba tana mutuwa. In rai ya fita kafin wuƙa ta shiga ta zama mushe, ba mai ci, kuma abin kunya ne a ce kana tsaye da wuƙa a ƙugu aka yi haka. Hannu ne ke tafiya kafin tunani. Ta ce ta yi masa ihu da Moba da Hausa kada ya matsa, domin su mutanen Dapaong sun riga sun san halin sabon layin. Ya ɗaga kai ya dubi ƙwan rumfarta, ya ga a mace yake, ya ce mata yana tafiya:

"Kuran ya ɗauke. Ƙanena ne mai mayar da shi, sai ya zagayo tukuna."

Ya zare wuƙa, ya yi bisimilla, ya sa hannun hagu ya ɗaga wayar daga wuyan san don ya samu wurin yanka. Ƙwan rumfar ya kama.

Mutumin da na ci wa mutunci da hantsi, da la'asar ya ɗauki ransa ya ɗora a kan maganata, har yana gaya wa baƙuwa ni ƙanensa ne. Na tambaye ta sau uku ko haka ya ce, sau uku tana maimaitawa, har ta gaji ta shige ta bar ni tsaye.

Jandarma da manyana suka riƙe ni ina rubuta rahoto, Fuseni kuwa daga maƙabarta ya hau kamiyo, ya riga ni isa gida. Ba zan ce ya yi ƙarya ba. Ya faɗi abin da ya gani da abin da ya ji: wuta ta ɗauke, ta dawo, Mumuni ne shef a bakin aiki, kuma ga abin da ya faɗa da hantsi. Ragowar labarin mutanen Didaure suka ƙarasa shi da kansu, da ilimin da ni na koya musu. Na isa ranar addu'ar uku da azahar. Ƙofar gida cike take da mutane a kan tabarmi, har waɗanda suka ƙaurace wa rumfa sun dawo. Na yi sallama, aka amsa ƙasa-ƙasa, ba wanda ya matsa ya ba ni wuri. Ni a zatona ta'aziyya za a yi mini. Kawu Isaka, ƙanen Inna, shi ne babba a wurin. Ya bari aka shafa fatiha, sannan ya ce a gaban kowa:

"Mumuni, tambaya ɗaya. Da ka mayar da kuran, ka san yayanka ne a kan wayar, ko ba ka duba ba?"

Na ɗauka kunnena ne. Na dubi fuskokin mutanen da suka yi ta ihun sunana shekara takwas, na ga duk amsa suke jira.

"Kawu, ni ban mayar da komai ba. Da kansa ya dawo."

"Da kansa."

"Akwai wani akwati, sabo ne, in aradu ta faɗi..."

"Shekara nawa kana gaya mana a gidan nan ba ya dawowa sai ka sa hannu? Ko ba kai ba ne? Yau kuma ƙarfe ya yi hankali, ya san lokacin tafiya da na dawowa?"

Na durƙusa na ɗauki tsinke ina zane a ƙasa, ga turke, ga kwalba, ga hanyar da aradu ke ƙonawa a iska. Ina magana ina jin muryata, ni kaina na ji ta yi kama da ta maƙaryaci. Wani daga baya ya ce gwamnati ta koya musu magana. Aka ce Fuseni ya maimaita abin da na faɗa a ƙofar ofis, ya maimaita kansa a ƙasa, bai ƙara ko harafi ba, aka ɗauki salati. Na ce su zaɓi mutum uku, ni zan kai su Dapaong su zauna su ga hadari ɗaya da idonsu. Kawu ya ce ba mai zuwa kallon abin da ya ci ɗansu.

Na shiga wajen Inna. Tana zaune a tabarma da carbi, matar Yaya tana gefe da jaririya a cinya, ke ce jaririyar, Adiza. Na durƙusa na ce, Inna, wallahi ban taɓa ba. Ba ta dube ni ba. Ta ce a kawo mini ruwa, na sha hanya. Sannan ta ɗaga kai ta dubi ƙwan da ni na haɗa mata a ɗakin da hannuna, ta ce a kira wani ya cire shi. Wani ta ce, ina durƙushe a gabanta. Daga ranar fitilar kananzir take kunnawa.

Nan na yi kuskuren da ba zan ɗora wa ƙarfe ba. Da na zauna na haɗiye, na ajiye aikin na riƙe marayu, wataƙila da zama ya gyara abin da baki ya kasa. Sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce tunda an mai da ni mai kisan kai to a zauna lafiya, na koma Dapaong ko sadakar bakwai ban tsaya ba. Lare ya ce zai bi ni Sokode ya rantse musu, na ce ya bari, wa zai saurari wanda muke aiki tare. Yajin ya ƙare, siyasa ta lafa, waɗanda suka jefi ƙofarmu wasunsu har sun samu muƙami, ni ina can. Shekara shida ina aika gaisuwa da buhun dawa, ana karɓar dawa ba a amsa gaisuwa. Duk hadarin da aka yi fanka ta tsaya ta ci gaba sai in tashi in fita waje. Na bi kasuwa da masallatai da tashar mota ina gaya wa baƙi kada su taɓa waya ko sun ga duk fitilun gari sun mutu, har aka sa mini suna mahaukacin waya, amma garinmu ban je na faɗa ba.

A shekara ta bakwai aka aiko cewa Inna tana nemana, jiki ya yi nauyi. Duk tsawon hanya ina shirya magana. Na ɗauko takardar akwatin mai zane, na ɗauko rahoton jandarma, na yi wa kaina alkawari wannan karon a natse zan yi bayani, ba fushi, ko sau goma ne. Na iso da hantsi. Ɗakin cike yake, ga Kawu Isaka, ga matar Yaya, ga ƙannenmu mata, wasunku ma kuna bakin ƙofa. Ta rame har sai ta murya na gane ta. Ta ce in matso. Ta lalubo hannuna na dama ta riƙe shi da hannu biyu, ta daɗe tana shafa shi, yatsa bayan yatsa.

"Mumuni, shekara shida ina roƙon Allah ya ba ni ikon faɗin wannan, sai yanzu ya ba ni. Na yafe wa hannun nan. Abin da ya yi wa yayanka na yafe, duniya da lahira. Kada ka tafi da shi kabari."

Duk shekarun nan ina gaya wa kaina Kawu ne, Fuseni ne, 'yan unguwa ne, ita dai baƙin ciki ne ya rufe mata baki, amma a ƙasan zuciyarta ta san ɗanta. Ashe ta yarda. Kullum sau biyar tana kan sallaya tana kokawa da ranta a kan ɗan da ya kashe mata ɗa, ita kaɗai, har ta samu sa'arsa. Takardun suna aljihun rigata, ina jin gefensu a ƙirji. Na buɗe baki. In na ce ban yi ba kuma ta yarda, na gaya mata ke nan ta yi shekara shida tana gaba da ɗanta a kan babu, ga shi ba ta da sauran kwanakin da za ta ɗauki wannan. In kuma ba ta yarda ba, za ta tafi tana ganin har a kan gadon mutuwarta ina yi mata gardama. Fuskarta kuwa ta saki, irin sakin da ban gani ba tun muna yara.

"Ka ji ni?" in ji ta.

"Na ji, Inna. Na gode. Allah ya saka da alheri."

Kawu Isaka ya sauke ajiyar zuciya, ya ce da ƙarfi yadda na bakin ƙofa za su ji:

"Alhamdu lillahi. Ya amsa."

Bayan kwana biyu ta rasu. A wajen jana'iza mutanen da suka shekara shida ba su miƙo mini hannu ba suka yi layi suna gaishe ni, kowa yana cewa Allah ya karɓi tuba. Fuseni ma ya zo, ya rungume ni yana kuka, ya ce shi ma ya yafe. Na tsaya a rana ina karɓar gafarar unguwa guda, ina cewa amin, amin, har layin ya ƙare. Daga ranar na rufe bakina, domin in na yi gardama da ita zan yi, ita kuwa ba ta nan balle ta amsa. Yanzu Kawu ya tafi, Fuseni ya tafi, ba sauran wanda maganata za ta kunyata. Ga ta nan na rubuta, ku yi yadda kuka ga dama da ita. Abu ɗaya nake roƙo: in kun karanta, kada wani cikinku ya zo ya ce ya yafe mini. Ku ce kun yarda, ko ku ce ba ku yarda ba, kowanne zan iya ɗauka.